Babi na Biyar: Kafin Ƙura Ta Tashi

Hoton tseren keke na farko da na ɗauka a Kademi babu keke a cikinsa. Akwai ƙeyar wani yaro, akwai gwiwar hannun wani magidanci, sai kuma wani jan abu kamar hayaƙi da ya cinye rabin hoton. Jan abin nan ƙura ce, wanda ya ci tseren kuwa yana cikinta. Na je na kafe ne a daidai inda aka ja layi da toka, don a ganina nan za a yi ta ta ƙare. Ashe duk garin ma haka ya gani.

Ba tseren hukuma ba ne. Babu riga mai lamba, babu hular kwano, babu alƙali mai usur. Irin wanda samari kan shirya ne da kansu a kwanakin Sallah, bayan an ci an sha, aljihu ya ɗan yi nauyi. Wani a kan keken gidansu da aka sauke wa buhun taki shekaranjiya, wani a kan na haya, wani ya kwance kariya da ƙararrawa wai don keken ya rage nauyi. A tashi daga bakin gari, a miƙe hanyar gona, a zagayo wata tsamiya, a dawo.

Da aka watse sai na bi kekunan zuwa rumfar mai faci, tunda can suke ƙarewa ko wa ya ci. Na nuna masa abin da na ɗauko. Dattijo ne, ya nesanta wayar da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini.

"Malam, ai wurin 'yan kallo ka tsaya."

Na ce, "To Baba, ina ne wurin masu hoto?"

Ya koma kan robar da yake dannawa cikin kwanon ruwa yana neman huji. "Ka ga kwanar nan ta gindin tsamiya, inda rairayi ya taru? Can ake cin tseren. Nan bakin layi shela kawai ake yi."

Mutumin nan bai taɓa riƙe kyamara ba, amma ya san inda kowace taya take fashewa, da inda kowace sarƙa take zamewa, domin gabansa ake kawo su. A babin da ya gabata mun yi maganar hoton biki da na suna, inda jama'a ke gyara hula su jira ka. Wasan fili ba ya jiran kowa. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka riga shi isa inda zai faru, kuma wannan sani ba ya cikin kwalin da aka sayar maka da waya. Da ɗan gari akan ci gari.

Mu tsaya a kwanar tukuna, mu ga abin da dattijon yake nufi. A miƙaƙƙiyar hanya mahayi yakan sunkuyar da kai, ba ka ganin komai sai tsakar kansa. Da ya doso kwana mai rairayi dole ya ɗago ya duba, dole ya taka birki, kuma waɗanda ya bari a baya sukan cim masa a nan, su cunkushe wuri ɗaya. Keken da ba shi da giya, idan gudunsa ya mutu a cikin rairayi, babu dabarar tayar da shi sai mahayin ya miƙe tsaye a kan feda, ya cije leɓe, jijiyar wuya ta fito. Wani ya sa ƙafa a ƙasa, wani keken ya kwanta da shi. Ga fuska, ga ƙoƙari, ga mutum uku ko huɗu a hoto ɗaya, gudu ya ragu, kuma babu 'yan kallo sai awaki. Ka tsaya ta cikin kwanar, kada ta wajenta, saboda duk wanda keke ya ƙwace wa waje yake yi da shi. Sannan ka tsuguna. Hoton da aka ɗauka a tsaye yakan haɗa mahayi da duhun bishiyoyi da katangar bayansa, ya ɓace a ciki. Wanda aka ɗauka daga kusa da ƙasa kuwa yakan ɗora shi a kan sararin sama, tayar gaba ta yi girma kamar za ta fito ta taka mai kallo.

Akwai ɗan lissafi a nan wanda ya kamata kowane mai hoto ya yi sau ɗaya a rayuwarsa. Saurayin da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa. Kyamara tana buɗe idonta ne ta rufe, kamar ƙiftawa, kuma duk motsin da aka yi ido na buɗe shi ke zama dishi-dishi a hoto. Idan ƙiftawar ta ɗauki kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, keken ya matsa kusan santimita 14 kafin ta rufe, wato ya shafe. Idan kashi ɗaya cikin 1000 ce, bai kai santimita ɗaya ba, sai ka ga har wayoyin taya ana iya ƙirga su. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a Gaya da Ajingi, su Tecno da Infinix da Itel, su suke zaɓar wa kansu saurin ƙiftawa, kuma idan rana ta wadata sukan zaɓi mai sauri. Da haske ya fara ja baya sai su jinkirta ba tare da sun yi maka sallama ba. Wasu suna da sashen da aka rubuta wa Pro, inda za ka sa lambar da hannunka. Idan taka tana da shi, ka koye shi a gida a kan kaji da yara masu guje-guje. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babbar matsalar waya ma ba wannan ba ce, jinkiri ne tsakanin taɓawarka da ɗaukarta. Rubu'in daƙiƙa kaɗai, keke ya wuce da mita biyu, ka tashi da hoton tayar baya. Maganinsa shi ne kada ka bar wayar ta tsaya neman abin da za ta kalla. Tun kafin su iso, ka zaɓi wani dutse ko sawun taya a inda kake so mahayin ya kasance, ka danna wurin a fuskar wayar ka riƙe har ta kulle a kansa. Da sun doso, ka danne maɓallin ɗauka ko ka ja shi, gwargwadon irin wayarka, ta yi ta zubo hotuna a jere, ka zaɓa daga baya. Jawo hoto kusa da yatsu biyu kuwa, bar shi. A yawancin wayoyi yankan hoton kawai yake yi ya kumbura shi. Ƙafarka ta fi shi iya matsawa.

Wata dabarar kuma kishiyar wannan ce, kuma ita na fi so. Ka jinkirta ƙiftawar da gangan, kashi ɗaya cikin 30 ko cikin 60, ka bi mahayin da kyamara yadda maharbi ke bin zabuwar daji idan ta tashi. Gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ƙugu ne ke juyawa, kuma ba ka tsayawa bayan ka danna. Idan ta yi kyau, mahayin ya fito tar, karan dawa da bishiyoyin bayansa su zama zane-zane a kwance, mai kallo ya ji iskar gudun a fuskarsa. Yawancin waɗanda za ka ɗauka haka lalacewa za su yi. Guda ɗaya ya isa.

Sai rana. Mu nan ƙasar Kano da tsakar rana tana bisa ƙoƙon kai, inuwar hula ta rufe ido, kowa ya fito kamar an ƙwaƙule masa fuska. Ga kuma farar shadda ta Sallah da ke ruɗar kyamara: ta ga haske ya yi yawa, ta rage, shaddar ta fito da kyau, mai shaddar ya koma baƙi ƙirin, babu ido babu hanci. Ka taɓa fuskar mutum a allon wayar, ka nuna mata ita kake so, ko da rigar za ta ƙone da haske. Sa'ar da muka yi ita ce yawancin wasanninmu bayan La'asar ake yin su, lokacin da rana ta karkata yamma ta yi laushi. A nan zaɓi biyu gare ka. Ka ba yamma baya, fuskoki su fito garau da guminsu. Ko ka fuskanci yamma, ka bar ƙura ta yi aikinta.

Na daɗe ina gaba da ƙura kafin in gane ita ce rabin hoton. Idan rana tana bayanka, ƙura datti ce kawai, tana dusashe launi. Idan rana tana bayan ƙurar, sai ta kama haske ta yi ja kamar garwashi, mahaya su fito daga cikinta baƙaƙe, kowa da siffarsa, har ka gane ɗan gidan wane daga yadda yake karkata kafaɗa. Na gaba shi kaɗai ne ke shan iska mai kyau. Na biyu da na uku ƙurarsa suke ci, ido a runtse, baki a buɗe, kuma sau da yawa hotonsu ya fi nasa labari. Kowane lokaci na shekara da irin ƙurarsa. A hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan tace rana har ka iya kallonta da ido, inuwa ta yi sanyi, fuska ta yi kyau a hoto, amma sama ta zama fara fat, don haka ka rage ta a cikin hoton. Da damina ƙasa ta kwanta, gero ya yi kore shar, sai ruwan kwatami ya maye gurbin ƙura, taya ta ratsa shi ya tashi kamar fiffike. Tunda Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara, tseren da ka ɗauka a cikin hazo, bayan wasu shekaru a cikin taɓo za ka ɗauke shi. Abu guda dai: kada ka goge gilashin kyamara da gefen riga ƙura na kansa. Ƙurar nan ƙananan tsakuwa ce, karce shi take yi. Hure ta tukuna, sannan ka shafa da tsumma mai taushi. Mai babbar kyamara kuma kada ya kuskura ya kwance gilashinta a fili.

Doki ya fi keke wuya, ya kuma fi shi daɗewa a gaban kyamara. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya a Amurka, wani mai hoto Bature, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori goma sha biyu a gefen fagen sukuwa, bisa ɗaukar nauyin Leland Stanford, tsohon gwamnan jihar. Hotunan sun nuna abin da ido ya kasa kamawa: akwai lokacin da kofato huɗu duk suke sama, kuma a lokacin ƙafafun a naɗe suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka saba yi. Yau yaron da ke riƙe da wayar yayansa a gefen hawan Sallah a Gaya yana iya kama wannan da yatsa ɗaya. Amma ko a hawa, maganar mai faci tana nan. Baƙo yakan bi doki yana sukuwa. Wanda ya saba kuwa yakan jira a inda za a ja linzami, domin a jahi abin kallo shi ne tsayawar: doki ya dunƙule a kan ƙafafun baya, ƙasa ta tashi, mahayi ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Tun da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, masu manyan kyamarori sun ƙara samun dalilin zuwa birni. Ƙananan garuruwa kuwa, in ba 'ya'yansu sun ɗauka ba, babu mai ɗaukar musu.

Dambe da kokawa nasu tsarin daban ne, domin da'ira ce. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, idan kalangu ya fara kira, ka je da wuri ka zaɓi gefen da rana za ta kasance a bayanka, saboda da zarar da'irar ta rufe babu sauran matsawa. Kada ka kalli hannun da aka ɗaure da zare, ya fi idonka sauri. Ka kalli ƙafar baya da kafaɗa, su ke fara tona asirin naushi. Kisa kuma, wato lokacin da hannu ko gwiwar ɗan dambe ta taɓa ƙasa, kowa shi yake nema, amma hoton da ya fi daɗewa a zuciya yakan zo ne daƙiƙa ɗaya bayansa: makaɗi ya zabura, 'yan ɓangaren wanda ya yi kisa sun ɓarke cikin fili, wani tsoho ya dafe kai. Ka koyi juya wa wasa baya ka ɗauki masu kallonsa. Idan magariba ta kawo jiki haske ya ƙare, ka haƙura. Kada ka haska wa mutum fitilar kyamara a ido ana kawo masa naushi.

Bakin layi fa, a bar shi ke nan? A'a, a sa wani. Aikinsa daban ne, aikin raba gardama. A tsaya daidai saitin layin, ba gabansa ba, ba bayansa ba, a ɗauki bidiyo, in wayar tana da mai tafiyar hawainiya ya fi. Ƙa'idar masu tseren duniya ita ce gaban tayar gaba ake dubawa, ba kan mahayi ba. A gasar Tour de France ta 2017, a zango na bakwai, Marcel Kittel ɗan Jamus ya riga Edvald Boasson Hagen ɗan Norwe da tazarar da ba ta wuce milimita shida ba, kuma kyamarar bakin layi ce ta raba su. Sai dai a yi yarjejeniya tun kafin a tashi cewa abin da waya ta nuna shi ne hukunci. In ba haka ba, ka zama alƙalin da ba wanda ya naɗa, ka kwana da abokan gaba a unguwa guda.

Wannan ya kawo ni ga laifina. A wata shekara na kama wani yaro daidai lokacin da keke ya watsar da shi a kwanar nan, ƙafa sama, wando a yage. Hoton ya yi kyau ƙwarai, na tura wa abokai a WhatsApp, kafin Isha ya zagaye garin. Aka laƙaba masa suna a kansa. Da shekara ta zagayo bai shiga tseren ba, kuma in ya hango ni sai ya sauya hanya. A birni hoto kan ɓace cikin dubunsa. A gari irin Kademi kowa ɗan wani ne, kuma abin da ka ɗauka a daƙiƙa ɗaya wani zai yi shekaru yana ɗauke da shi. Tun daga nan, hoton faɗuwa mai shi nake fara nuna wa. In ya yi dariya ya ce in tura masa, to. In ya yi shiru, na goge a gabansa. Haka kuma baƙo ya fara zuwa ya gaida mai unguwa ko dagaci, ya faɗi abin da ya kawo shi. Matan aure da ke leƙe ta kan katanga, da 'yan mata masu talla a gefen fili, ba su fito don kyamararka ba. Akwai kuma dattawan da ba sa son hoto sam, saboda fahimtarsu ta addini. Wanda ya kawar da fuska, ka kawar da waya.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan tseren keken haya? Ba na cewa gobe Kademi za ta fitar da irin Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya ci zango uku a Tour de France ta 2024 ya kuma tafi da koriyar riga. Su can sun gaji keke tun zamanin mulkin Italiya, tsere ya zama musu abin gari. Burkina Faso tana yin Tour du Faso tun 1987. Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren titi a Satumbar 2025, karo na farko a Afirka. Mu kuwa, da Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, keken da ta hau a tseren cikin zaure aro ta yi daga tawagar Jamus. Da na ji labarin, yaran bakin rumfar haya na tuna. Tsakaninsu da ita babu nisa kamar yadda ake zato.

Dalilina ya fi wannan kusa. Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, mutane kan zo su tsaya a gabansa da keke ko rediyo ko babur, abin da suke alfahari da shi a zamaninsu. Hotunansa sun kai yau ne saboda ya adana fina-finansa, bai zubar ba. A gidajenmu ma, in ka bincika ƙasan adaka, za ka iya tarar da hoton kaka yana dafe da Raleigh ɗinsa sabo fil, agogo a hannu. Namu fa? Suna cikin wayar da za ta faɗa rijiya, ko a sace, ko a kai Farm Centre a Kano a yi musanye a goge komai. Mun fi iyayenmu ɗaukar hoto nesa ba kusa ba, kuma ina tsoron za mu bar wa jikoki ƙasa da abin da suka bar mana. Daga kowane wasa ka zaɓi biyar, ka kai a wanke su a takarda, ka rubuta a bayansu rana da shekara da wuri da sunan wanda ke ciki, ka ba masu su kwafi ɗaya.

Da Sallah ta zagayo na tafi gindin tsamiyar tun ana sallar La'asar a masallacin bakin hanya, na yi tawa a nan, na share ƙaya na tsuguna ta cikin kwanar. Su biyar suka shigo rairayin tare. Na samu ɗaya: wani siririn saurayi a tsaye kan feda, harshe a waje, biyu na bayansa cikin jar ƙura, akuya na tsallake hanya a can gefe. Bayan mako biyu na kawo wa mai faci shi a takarda. Ya goge hannu a gwiwar wandonsa, ya karɓa ta gefe-gefe, ya nesanta shi da idonsa kamar wancan karon. Na tsaya ina jiran yabo.

Ya sa farce a ƙasan hoton. "Malam, dubi sarƙar yaron nan yadda ta saki. In ka gan shi, ce masa ya kawo ta in ɗaure."